Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Daga Katsina Zuwa Abuja Ta Saman Funtua

 

Duk mai bibiyar labaran da muke sakawa a nan, da waɗanda ake turo mana domin gyara, ya san wani wuri da kusan dukkanmu muke yin tuntuɓe. An ɗaura aure, ango zai tafi da amarya Dubai. Ko Alhaji ya yanke jiki ya faɗi, za a fita da shi Landan. Sai marubuci ya ce jirginsu ya ɗaga da ƙarfe goma, kafin azahar har sun yi wanka a otal suna cin abinci. Wani ma cewa zai yi jirgi ya sauke su a Makka. Ba mu kawo wannan don yi wa kowa dariya ba, mu ma mun rubuta irinsa, yana nan cikin tsofaffin littattafanmu na makaranta da muke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Abin da muke so mu tattauna yau shi ne nisan da ke tsakanin filin jirgin wani gari da na wani, yadda ake auna shi, da kuma abin da wannan awon yake bari a baya, musamman ga mu mutanen Funtua da Malumfashi da ba mu da filin jirgi ko ɗaya.

Bari mu fara da lissafin, domin ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro. Idan aka ce tsakanin filin jirgin Kano da na Jidda kilomita kaza ne, ana nufin layi mafi gajarta a bayan ƙasa. Ɗauki ƙwallon taswirar duniya irin wanda ake ajiyewa a ofishin hedimasta, ka ɗora bakin zare a kan Kano, ka ja shi ya miƙe sosai zuwa Jidda. Tsawon zaren nan shi ne abin da ake rubutawa. Ba ruwansa da kwana, ba ruwansa da gada ko shingen jami'an tsaro. Matuƙa jirgi kuma da mil na teku suke ƙirgawa, wanda kowane ɗaya ya kai kilomita 1.852, shi ya sa wani lokaci za ka ga lambobi biyu daban a kan tafiya ɗaya ka zaci wani ya yi kuskure.

Ga kaɗan daga cikin waɗanda jarumanmu suka fi bi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja kimanin kilomita 365 ne. Kano zuwa Legas kimanin 830. Kano zuwa Jidda kimanin 3,400. Abuja zuwa Landan kimanin 4,800. Kano zuwa Dubai kuwa ya haura 5,000. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda. Don haka ga wata dabara da za ta fisshe mu kunya: raba nisan da 800, sannan ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Kano zuwa Abuja zai ba ka kusan awa ɗaya. Legas awa ɗaya da rabi. Jidda kusan awa biyar. Landan shida da rabi. Dubai kusan bakwai, wannan ma idan jirgin kai tsaye ne, alhali da yawa daga masu tashi daga Kano sai sun ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira, su yi awanni a zaune kafin su canja jirgi. To ina amaryarmu ta samu jirgin da ya kai ta cikin awa biyu?

Akwai kuma maganar agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku. Landan kuwa a lokacin zafinsu agogonmu ɗaya, a lokacin sanyinsu muna gabansu da awa guda. Wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe goma na dare zai isa Jidda wajen uku na dare a agogon hannunsa, amma agogon bangon filin jirgin biyar na asuba zai nuna masa. Ango da ya tashi ƙarfe biyu na rana, ko da bai tsaya ko'ina ba, sha biyun dare zai tarar a Dubai. Idan ya kira mahaifiyarsa a Funtua ya ce sun sauka lafiya, ita ba ta daɗe da idar da isha'i ba. Dubi yadda wannan kaɗai zai iya ƙawata fage guda: shi yana hamma, ita tana tambayarsa ko sun ci tuwon dare. Sannan mu riƙe wannan da kyau, Makka ba ta da filin jirgin fasinja. Jidda ake sauka ko Madina, daga nan a ƙarasa ta ƙasa.

Wannan rabin farko ke nan, kuma wayar da ke hannunmu za ta iya ba mu shi cikin minti ɗaya. Rabin na biyu shi ne wanda ya fi damunmu, domin ko mun daidaita duk lambobin nan, labarin zai iya fitowa ƙarya.

Mu dawo gida. Filin jirgin jiharmu shi ne na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Tsakaninsa da na Abuja kimanin kilomita 450 ne, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Yanzu ɗauko zaren nan namu ka ja daga Katsina zuwa Abuja. Za ka ga ya ratso ta ƙasar nan tamu, gabas kaɗan da Funtua. Ke nan mutumin Funtua da ya ce sai ta filin jirgin jiharsa zai je Abuja, zai fara juya wa Abuja baya. Zai shiga mota ya nufi arewa, ya wuce Bakori, Malumfashi, Dayi, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, ya ci kusan kilomita 200 kafin ya ga Katsina. Sannan ya hau jirgi ya juyo kudu, bayan 'yan mintoci ya leƙo ta taga ya hango gonakin masara da ya baro da asuba. Alhali tun farko, a miƙe, tsakanin Funtua da filin jirgin Abuja bai kai kilomita 300 ba. Ya yi tafiyar sama da 600 domin ya cinye ƙasa da 300.

Idan ya ce ta Kano zai bi, sai ya ratsa Malumfashi, Dayi da Gwarzo, ya kuma yi fama da cunkoson birni kafin ya kai filin. Idan Kaduna ce, sai ya bi Giwa da Shika da Zariya. Zariya da ke kusa da mu tana da filin jirgi, a nan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take tun 1964, amma ƙananan jiragen da muke gani suna shawagi a can na ɗalibai ne, ba na ɗaukar fasinja zuwa Abuja ba. Ta ko'ina aka ɓullo, tafiyar ɗan Funtua a jirgin sama daga tashar mota take farawa, da jiran mota ta cika, da cinikin kuɗin kaya, da lissafin kada dare ya yi a hanya saboda halin tsaron da muke ciki. Kuma idan an sauka Abuja ba a isa ba, domin filin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Bahaushe ya gama magana da ya ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Mun ga wannan da idonmu shekarar da muka raka wata gwaggonmu da Allah Ya kira aikin Hajji. Shekaru ta yi tana tara kuɗin waken suya da na tumakin da take kiwo. Da muka duba waya muka ce mata, “Gwaggo, ai awa biyar ne kacal kin isa,” sai ta yi murmushi ta ce, “To 'ya'yan nan, Allah Ya sa.” Ranar da aka kira su, tun kafin kiran assalatu gidan ya cika. An yi ta neman gafara, an yi kuka, an ɗaure ƙullin kuka da daddawa da yaji an kwance an sake ɗaurewa saboda tsoron awon kaya. Muka kama hanyar Katsina da hantsi, muka isa bayan azahar. Ta kwana a sansanin alhazai, aka tantance takardu, aka auna jaka, sai daren washegari jirginsu ya tashi. Daga ƙofar gidanta zuwa lokacin da ƙafarta ta taka ƙasa mai tsarki, kusan kwana biyu. Da ta dawo muka zauna jin labari, abin da ta faɗa a kan jirgin bai wuce jumla uku ba: kunnenta ya toshe, an ba su abinci a ɗan faranti, ta yi barci. Amma labarin daren sansani, da matar Faskari da suka raba tabarma, da yadda ta riƙa taɓa jakar wuyanta tana duba fasfo, har yau ba ta gama ba da shi ba. Da mu ne muka rubuta tafiyar a lokacin, da awa biyar ɗin nan kawai za mu rubuta, mu zubar da sauran.

Shi kansa layin sama ba kullum yake miƙe ba. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta. Zaren da muka ja daga Kano zuwa Jidda ta kan Chadi da Sudan yake bi, don haka dole jiragen alhazan wannan shekarar suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Tsohon da ya sayar da buhunan masararsa a kasuwar Dandume ya biya kujera, rikicin Khartum ya taɓa guzurinsa. A watan Agustan shekarar, bayan juyin mulkin Nijar, ita ma ta rufe nata sararin na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai suka riƙa kewayawa. A 2017 an rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin jirgi, aka mayar da sauka Kaduna, mai tikitin Abuja sai ya ƙarasa ta ƙasa. Ga kuma hazo, wanda duk shekara idan hunturu ya kankama yakan hana jirage sauka a Kano da sauran filayen Arewa, fasinja su wuni a zaune, wani lokaci a ce su koma gida sai gobe. Marubucin da yake neman abin da zai hana jarumi isa wurin ɗaurin aure a kan lokaci, ga shi nan kyauta, ba sai ya jawo haɗarin mota da mantuwar ƙwaƙwalwa karo na ɗari ba.

Idan muka waiwaya baya za mu ga cewa nisan nan da muke tsallakewa da jumla ɗaya ya taɓa cin rayuwar mutane sukutum. Kakanninmu a ƙasa suke zuwa Makka, ta Barno, su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya a Suwakin, suna tsayawa noma da ƙwadago a hanya domin neman guzuri. Wasu shekaru suke yi, wasu a hanya ake haifarsu, wasu ba su dawo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har yau akwai garin Mai Wurno a Sudan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tafi Hajji a 1921, ta Ingila ya bi a jirgin ruwa. Sai a ranar 1 ga Nuwamban 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, jiragen sojan Ingila ne da suka taso daga Masar. Kilomita 3,400 ɗin ba su ragu ko taku ɗaya ba daga wancan zamani zuwa yau. Abin da ya canja shi ne wanda yake da halin tsallake su cikin awa biyar.

Magabatanmu a rubutu sun san darajar hanya. Abubakar Imam ya yi tafiya Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano, wanda filin jirgin Kano yake ɗauke da sunansa, ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiyarsa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙetare hamada da uwa ta yi tana neman ɗanta shi ne abin da ke tsaya wa mai karatu a rai. Da marubucin ya ɗauke ta da jumla ɗaya ya dire ta a inda ɗan yake, wa zai tuna da ita?

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a taron ƙungiya. Za a ce labari ƙirƙira ne, ba darasin labarin ƙasa ba. Mai karatu ta gaji da wahalar rayuwa, ta sayi data ne domin ta huta, ta ga daula, ba domin a sake tuna mata da ramukan hanya ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a daina rubuta masu kuɗi ko ƙasashen waje ba. Ba mu kuma ce kowace tafiya sai an bi ta kilomita bayan kilomita ba, wani lokaci jumla ɗaya ta isa, idan babu abin da tafiyar za ta ƙara wa labarin. Amma mu tuna su waye masu karatunmu yanzu. A cikinsu akwai wadda ta je Umara sau uku, akwai ɗalibin da ke karatu a Alƙahira, akwai 'yar kasuwar da ke saro kaya a Dubai. Ranar da ta karanta cewa an isa cikin awa biyu, daga nan ta daina yarda da mu. Idan ta kama mu da ƙarya a kan abin da ta sani, da wane dalili za ta yarda da mu a kan abin da ke cikin zuciyar jaruma? Aljani ma idan muka saka shi a labari sai mun yi masa ƙa'ida mun bi ta, balle jirgin da ke da jadawali.

Akwai kuma abin da ya fi kuskuren lissafi ciwo. Saboda muna son jarumi ya riƙa hawa jirgi kamar mai hawa acaɓa, sai mu ɗauke shi daga garinmu mu kai shi Abuja ko Nasarawa ta Kano, unguwannin da da yawanmu ba mu taɓa kwana a ciki ba. A hankali sai garuruwanmu suka ɓace daga littattafanmu, ko su zama ƙauyen da ake ɗauko 'yar aiki. Alhali Funtua gari ne na hanya tun asali. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ta nan ya ratsa, ya kwashi auduga da gyaɗa. Manyan motocin Sakkwato da Gusau ta nan suke wucewa dare da rana. A 2024 an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya zaga ƙasashe da waƙa, a nan ya yi zamansa. Garin da ya san tafiya haka, ace 'ya'yansa marubuta ba su iya rubuta tafiya ba?

Ku duba abin da nisan nan zai ba mu idan muka karɓe shi. An kira yaro daga Abuja cewa jikin mahaifinsa ya tsananta a Malumfashi. Yana da kuɗin jirgi. Sai ya zauna lissafi: ya tafi filin jirgi, ya jira, ya sauka Kano ko Katsina da yamma, sannan ya nemi motar da za ta yarda ta kama hanya da magariba? Ko ya shiga mota tun yanzu ya bi ta Kaduna da Zariya? Kowanne ya zaɓa akwai abin da zai iya rasawa, kuma duk mai karatu daga yankin nan zai riƙe numfashi tare da shi, domin ya taɓa yin irin wannan lissafin ko ya ga wanda ya yi. A nan ne za a gane halin yaron, da abin da kuɗinsa zai iya saya da wanda ba zai iya ba.

Saboda haka ga shawararmu. Kafin mu ɗora kowa a jirgi, mu amsa tambayoyi biyar a gefen takarda. Daga wane fili zai tashi, kuma yaya zai kai kansa can daga ƙofar gidansu? Kilomita nawa ne, awa nawa? Kai tsaye ne ko da zango? Ƙarfe nawa zai tarar a can? Daga filin da ya sauka zuwa inda za shi, saura nawa? Wanda bai taɓa shiga jirgi ba, kamar yawancinmu, kada ya ji kunya. Matambayi ba ya ɓata. Kowace unguwa akwai Alhaji ko Hajiya da za su ba ka labarin tafiyarsu har ka gaji, ka je da littafi da biro, ka gaishe su, ka saurara.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan wani da zai hau jirgi, amma labarin ya fara daga ƙofar gida a garinku, ya ƙare lokacin da aka kira fasinja su shiga. Kada jirgin ya tashi a cikin shafin. A saka a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a, za mu karanta tare mu yi wa juna gyara. Waɗanda ke zaune a Kano da Katsina da Kaduna, ku ma ba ku tsira ba, ku faɗa mana yadda ake kai wa filin daga unguwarku. Wanda kuma yake ganin mun tsaurara, zaure a buɗe yake, a zo a kawo hujja.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, na sama da na ƙasa. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan mai kowa mai komai Ya kai mu.